Yadda za ka san kuɗin da haibirid ko motar lantarki ta hannu ta cancanta kafin ka biya

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 tambayoyin nan ba su daina zuwa ba. Malam ina son Prius 'yar Belgium nawa ya kamata in saye ta, na ga Nissan Leaf da arha a Jiji in ɗauka ko in bari, wai gaskiya ne in ka sayi motar lantarki ba ta sake sayuwa. To ga amsar a wuri ɗaya. Ba zan kawo jerin farashi ba don abin da na rubuta yau zuwa wata biyu dala ta mayar da shi tsohon labari, abin da zan nuna shi ne yadda kai da kanka za ka fitar da kuɗin da motar ta cancanta. Kuma a bi matakan yadda suka zo, yawancin waɗanda suka ƙone sun gama ciniki ne sannan suka tuna da gwajin batir.

1. Fara tsayar da irin wadda kake nema

Kala uku ne kuma faɗuwar kuɗinsu ba ɗaya ba ce. Akwai haibirid da ba a jona ta a wuta, fetur kawai kake zubawa ita ke cajin kanta, irin su Prius, Camry Hybrid, Highlander Hybrid, Lexus RX400h da RX450h. Akwai wadda ake jonawa kuma tana da inji, kamar Prius Prime, Outlander PHEV da BYD masu tambarin DM-i. Sai ta lantarki zalla, Leaf, Tesla, Kona, ID.4 da sauran 'yan China.

Haibirid ɗin Toyota tana riƙe kuɗinta sosai, a waje ma da nan. Ta lantarki zalla kuwa a Amurka cikin shekara biyar takan zubar da wajen rabin kuɗinta ko fiye. Dalilin ba wai lalacewa suke da wuri ba, sabuwar ce kullum take sauka. A Janairun 2023 Tesla ya zaftare farashin sababbin motocinsa, wasu har kusan kashi 20 cikin 100, duk mai tsohuwa ya wayi gari da asara yana zaune a gida. A Janairun 2024 kamfanin hayar motoci na Hertz ya ce zai sayar da motocin lantarki 20,000, kasuwar ta sake cika. Ga China kuma kamfanoni na ta karya wa juna farashi. Wannan faɗuwar alheri ce gare ka ranar saye, amma ranar sayarwa kai za ta faɗo wa, saboda haka tun yanzu ka tambayi kanka wa zai saye ta a hannuna nan da shekara uku. Prius ko Camry, direban haya da ma'aikaci duk suna nema. Tesla a Gusau fa?

2. Yi lissafinka da dala

Wannan shi ne wurin da mutane suka fi yaudarar kansu. Za ka ji mutum na cewa ai mota ba ta faɗuwa a Najeriya, na saya miliyan 5 na sayar miliyan 8. To duba, farkon 2023 dala tana wajen naira 750 a Wapa, miliyan 5 ɗinsa kusan dala 6,700 ke nan. Ƙarshen 2024 dala ta haura 1,600, miliyan 8 ɗin nan dala 5,000 ce ko ƙasa. Ya yi asarar wajen dala 1,700 yana murna, kuma in ya koma zai sayi irin motar da ya sayar kuɗin ba zai kai ba. Kowane farashi ka gani ka raba shi da canjin ranar ka rubuta. 'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram ku wannan bai dame ku sosai ba tunda sefa a ɗaure take da yuro, abin da kuka gani a takarda kusan shi ne gaskiyar.

3. Tattaro farashin kasuwa

Ɗauki littafi ko ka buɗe wani wuri a waya. Ka nemo motoci biyar zuwa goma iri ɗaya, shekara ɗaya, a Jiji, Facebook Marketplace, Cars45, da wajen dillalan garinku, ka rubuta shekara, abin da mita ke nunawa, Belgium ce ko an hau ta a nan, da kuɗin da aka sa. Ka zubar da mafi tsada da mafi arha, abin da ya rage a tsakiya shi ne kasuwa. Kuɗin da aka rubuta a talla ba shi ake sallamawa ba, kowa ya bar wurin ragi.

Sannan ka yi abu biyu da mutane ba sa yi. Na farko, nemo farashin 'yar uwarta mai fetur zalla ta shekarar, Camry da Camry Hybrid, ko Corolla da Prius, ratar da ke tsakani ita ce kuɗin da kake biya don haibirid kuma za mu dawo kanta a mataki na 7. Na biyu, leƙa Copart ko IAAI, shafukan gwanjon motoci na Amurka, ka ga nawa irinta ke tashi a gwanjo, ka ɗora kuɗin gwanjon, kuɗin kai ta bakin ruwa, jirgi, duti da fito daga tashar Tin Can ko PTML a Legas, da ɗauko ta zuwa Arewa. In farashin dillali ya yi ƙasa da wannan jimillar sosai to akwai magana, ko dai ba duti, ko ta sha ruwa, ko batirin ya mutu.

Gargaɗi: kar ka tura kuɗin kafin alƙalami ga wanda ba ka ga motarsa da ido ba, ko da ya turo bidiyo goma. Ba a cinikin biri a sama.

4. Bi tarihinta da lambar shasi

Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da jikin ƙofa, ka tabbata duk wuraren iri ɗaya ne da na takardu. Fara da abin da ba ya cin ko kobo, rubuta lambar a Google, in ta bi ta gwanjo sau da yawa hotunanta na ranar za su fito ka ga yadda take kafin mai fenti ya taɓa ta. Daga nan ka sayi rahoton Carfax ko AutoCheck, kamfanonin da ke ajiye tarihin motoci a Amurka, ana biyan kuɗi a shafinsu, akwai masu sayarwa da rahusa a nan.

Abin da kake nema uku ne. Abin da mita ta nuna na ƙarshe a can, ka haɗa da wanda ke gabanka, kuma ka lura motar Amurka mil take ƙirgawa, mil 100,000 kilomita 160,000 ne. Sai inda aka buge ta, bugun gefe ko na bamba da sauƙi amma bugun ƙasa a motar lantarki wurin batir ne. Sai kalmar Flood ko Water damage. In ka ga wannan ka rufe littafinka ka tafi komai arharta, motar fetur ma da ta nutse wahala ce balle wadda batir da wayoyi ne rayuwarta, lafiya ƙalau za ta yi wata shida sannan tsatsa ta fara aiki a ciki. Ko rahoto bai faɗa ba ka ɗaga kafet, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe, ka duba ƙusoshin ƙarƙashin kujera.

Gargaɗi: akwai Prius da Aqua da Leaf 'yan Japan ko Ingila da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu. Ka duba yadda waifa ke kwanciya, da alamar walda ko yankakkun wayoyi ƙarƙashin dashbod. Irin wannan kuɗinta ƙasa yake sosai, ni dai ba na ba da shawararta. Takardun kwastan kuma ka kai ofishin kwastan su tabbatar, kar ka yarda da hoton takarda a WhatsApp.

5. Gwajin batir, nan kuɗin yake

Kayan aiki: ƙaramar na'urar OBD2 mai Bluetooth wadda ke karanta kwamfutar mota, ta kirki tana kamawa dala 15 zuwa 30 ko sama kaɗan, da wayarka. Kar ka sayi mafi arhar nan ta jabu, sau da yawa ba ta karanta batirin haibirid. Wurin jona ta yana ƙarƙashin sitiyari. In ba za ka iya ba ka ɗauki bakanike ko mai rewaya da ya san haibirid kuma yana da Techstream, manhajar gwajin motocin Toyota, ka biya shi daga aljihunka, kuma kar ya zama wanda dillalin ya kawo.

In Toyota ko Lexus ce ka sauke manhajar Dr. Prius ko Hybrid Assistant a wayarka. Batirin Prius daga 2004 zuwa 2015 guntaye 28 ne a jere, wajen bolt 200, manhajar za ta nuna maka su bibbiyu, layi 14. Camry Hybrid ta farko guntaye 34 ce, layi 17. Abin da kake kallo shi ne ko layukan suna tafiya tare. Kunna motar ta nuna READY, kunna AC, ka zauna kana kallo, sannan a fita a taka ta da ƙarfi a kuma taka birki. Lafiyayyen batir layukan tare suke hawa tare suke sauka. In layi ɗaya kullum shi ke fara faɗuwa in an taka, shi ke fara tashi in ana caji, kuma ratar tana kai bolt 0.3 zuwa sama, wannan guntun ya gaji kuma sauran suna bayansa. Dr. Prius yana da gwajin da ke ƙiyasta sauran ƙarfin batirin, ana biyan ɗan kuɗi kaɗan, ka biya.

Ko ba na'ura akwai alamu. Layin batir a allo ya cika cikin minti biyu ya kuma zube cikin minti biyu, inji ya ƙi mutuwa a danja, fankar da ke gefen kujerar baya ta riƙa ihu ba tsayawa.

Gargaɗi: rashin jan alama a dashbod ba shaida ba ce. Ana goge lambar matsala minti biyar kafin ka iso, P0A80 ita ce mai cewa a canja batir kuma in an goge takan ɗauki kwanaki kafin ta dawo. Na'urar tana nuna nisan da motar ta yi tun gogewar ƙarshe, in ka ga kilomita 6 ka tambayi dillali me aka goge. Haka in aka ce maka "an yi mata sabon batir", ka ce a nuna rasit. Mafi yawan lokuta guntu ɗaya ko biyu aka cire aka cusa na wata tsohuwar, wannan faci ne, zai kai ka watanni amma ba a biyan kuɗin sabo a kansa.

In Leaf ce manhajar LeafSpy za ka sauke. A dashbod akwai sanduna 12 na lafiyar batir, daban da na caji, kar ka haɗa su. Sanda ta farko tana ɓacewa in batir ya sauka wajen kashi 85, mai sanda 8 kuwa kashi 60 da 'yan kai ya rage mata. Leaf ta 2011 zuwa 2015 mai 24 kWh tana sabuwa ma kilomita 120 zuwa 135 take yi, to lissafa mai sanda 8 da AC a kunne, ko Zariya ba za ta kai ka daga Kano ba. Ana iya taɓa kwamfutar batirin sandunan su dawo 12 na ɗan lokaci, saboda haka ka dubi lambar SOH, wato kashin lafiyar batir da LeafSpy ke nunawa, ka haɗa ta da shekarun motar, Leaf ta 2013 da ke nuna kashi 98 ƙarya take. Babbar matsalar Leaf a wurinmu batirinta ba shi da ruwan sanyaya, tun 2012 masu ita a Arizona suka fara kukan zafi yana cinye shi, mu kuwa Kano da Sakkwato da Maiduguri muna haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu. Shi ya sa take arha, kuma shi ya sa za ta ci gaba da faɗuwa a hannunka.

Tesla, Kona, ID.4 batirinsu na da ruwan sanyaya, sun fi jure zafi. BYD kuma wani nau'in batir da ake kira LFP yake sa wa yawancin motocinsa, shi ma yana da juriya. Gwajin da ba ya ƙarya a dukkansu shi ne a cika ta, ka rubuta kashi nawa take, ku yi tafiyar kilomita 40 ko 50 da AC, ka ga kashi nawa ta ci, ka fitar da nisan da cikakken caji zai kai ka. Dillalin da ya ƙi wannan gwajin ya ba ka amsa.

Maganar garanti kuma cire ta daga lissafi. A Amurka batirin yana da garantin aƙalla shekara 8 ko mil 100,000, Toyota ma ya ƙara na haibirid zuwa shekara 10 ko mil 150,000 daga motocin 2020, amma motar da ta bi ta gwanjon haɗari ta shigo Legas ba wanda zai karɓe ta a kan wannan.

Kar ka taɓa wayoyi masu ruwan lemo, kar ka bar yaron gareji ya buɗe murfin batir don ya nuna maka. Wutar ciki tana kisa.

6. Sauran masu cin kuɗi

Prius ta 2010 zuwa 2015 an san ta da toshewar EGR, wato hanyar da ke mayar da hayaƙi cikin inji, da ƙonewar gasket, ka je da sassafe inji na sanyi ka ji ko yana girgiza da ƙwanƙwasa in ya tashi, ka duba ruwan radiyeta ko yana raguwa. Famfon birki na Prius da Camry da Highlander in yana kuka kowane 'yan daƙiƙu to ya kusa, kuma yana da tsada. Camry Hybrid 2007 zuwa 2011 injinta na iya shan mai baƙi. Leƙa ƙasa ka tabbata indomi, wato matatar hayaƙi da ke jikin salansa, na nan, na Prius ɓarayi sun fi so don ya fi daraja, ana yanke shi tun a hanya a like bututu. AC ɗinta da lantarki yake aiki kuma mai na musamman yake sha, ND-11, in mai gyaran AC ya taɓa zuba na motar fetur zai iya jawo matsala a ɓangaren wuta gaba ɗaya, ka tambaya ko an taɓa shi.

A ta lantarki duba bakin caji. 'Yar China GB/T ce, 'yar Turai Type 2 da CCS2, 'yar Amurka Type 1 da CCS1 ko bakin Tesla, Leaf kuma CHAdeMO take amfani da shi wajen caji mai sauri. Ka san irin bakin da ke wurin cajin da za ka riƙa zuwa, in akwai shi ma. Cajar da ke zuwa da motar Amurka da yawa ta bolt 120 ce, karanta jikinta kafin ka cusa a soket ɗinmu na 230. Gidan da ba wayar atin kuma caja da yawa ba sa yarda su fara aiki. 'Yar China ka duba ko allonta na komawa Turanci, wasu taswira da manhajarsu ba sa aiki a wajen China.

Kafin ka wuce, kira masu kayan mota a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Apo ko Ladipo ka tambayi kuɗin abu uku na motar, batir, fitilar gaba, da gilashin gaba. In an ce sai an yi oda daga waje ka san abin da mai saye na gaba shi ma zai ji ke nan.

7. Haɗa lissafin

Kuɗin da za ka biya shi ne farashin tsakiya na mataki na 3, a cire gyaran da ka gano, a cire rabon batir. Rabon batir yana nufin in canja shi zai ci miliyan ɗaya da rabi kuma gwaji ya nuna rabin ransa ya tafi, to rabin kuɗin ya fita daga farashi, in kuwa yana dab da mutuwa duka za a cire. Don ka san girman abin, sabon batirin Prius a Amurka dala 2,000 zuwa 4,000 ne har da sawa, na babbar motar lantarki kuwa yakan haura dala 10,000, wani lokacin ya fi kuɗin motar.

Sai ka duba ko ribar mai za ta biya. Misali ne wannan, sa lambobinka. A ce kana yin kilomita 1,500 a wata, Corolla tana ba ka 12 a lita, Prius tana ba ka 20. Lita 125 ke nan da lita 75, ka tsira da lita 50, in lita naira 1,000 ce dubu 50 a wata, dubu 600 a shekara. In ratar farashi da rabon batir sun kai miliyan 3, shekara biyar kafin ka fara cin riba. Mai yin kilomita 4,000 a wata irin direban Bolt cikin shekara biyu ya fanshe. Wanda daga gida sai ofis sai masallaci, kilomita 500, gaskiya ya sayi Corolla ya huta.

Ta lantarki kuma wajen yunit 20 take ci a kilomita 100 in ka haɗa da wanda ke ɓacewa wurin caji. A Band A da aka kai sama da naira 200 a yunit tun Afrilun 2024, dubu huɗu da ɗoriya ke nan, Corolla kuwa dubu takwas da ɗoriya. Amma in da ƙaramin janareton fetur za ka riƙa cajin, shi bai cika ba ka fiye da yunit 2 a lita ba, sai ka ƙona lita 10 don tafiyar da Corolla za ta yi da 8. Sola ita ce mafita, sai dai kuɗin fanel da inbata su ma su shiga lissafi.

Abu na ƙarshe a nan, ƙiyasta nawa za ka sayar da ita bayan shekara uku, a dala. Hanya mai sauƙi, dubi nawa ake sayar da irinta da ta girme ta da shekara uku kuma an hau ta a nan. Ga haibirid ɗin Toyota wannan ya isa, ga ta lantarki ka ƙara ragewa, don zuwa lokacin sabuwar 'yar China mai nisan tafiya ninki biyu za ta iya zuwa kusa da kuɗin taka.

8. Ciniki da biya

Ka je da hoton allon gwajin a wayarka, ka nuna masa layin da ke faɗuwa ka faɗi kuɗin gyaransa, a kan wannan ake neman ragi. Dillali zai ce Alhaji ai duk haka suke, ka ce to a rage. A yi maganar la'ada tun farko, wa zai biya kuma nawa. Biya ta banki zuwa asusun mai sunan da ke takarda ko na kamfanin, a rubuta yarjejeniya da lambar shasi da shaidu biyu, in zai yarda a sa sharaɗin kwana bakwai a kan batir. Karɓi makulli biyu, caja, da takardun kwastan na asali kafin kuɗi ya fita, makullin waɗannan motocin yin sabo ba arha.

9. Riƙe darajarta har ranar sayarwa

Ajiye ta a inuwa. Kar a toshe ramin iskar batir na gefen kujerar baya da kaya ko rigar kujera, kuma a wanke fankar bayan kowane hunturu don ƙura tana cika ta. Haibirid ba ta son zama, in za ka yi tafiya a samu mai kunna ta ya ɗan zaga da ita kowane mako ko biyu. Ta lantarki kar a bar ta a cike fal ko a ƙasa ƙwaf cikin rana kwana da kwanaki, wajen kashi 80 ya isa na yau da kullum, sai mai LFP da ake so a riƙa cika ta lokaci-lokaci. In ta mutu a hanya a ɗora ta a kan babbar mota, kar a ja ta da igiya tayoyi na ƙasa. Man inji 0W-20 ko abin da murfin ya rubuta, man giya na Toyota WS.

Duk wata shida ka sake gwajin batir ka ajiye hoton da kwanan wata, tare da rasit na kowane gyara, ranar sayarwa su za su sa ka fi na kusa da kai kuɗi. In kuma ka ga ratar layukan ta fara buɗewa ko SOH yana gangarowa kusa da 70, lokacin yanke shawara ya yi, ko ka canja batir ka ci gaba da hawa wasu shekarun, ko ka sayar yanzu ka faɗa wa mai saye halin da yake ciki a rage masa daidai gwargwado.